Citta na maganin cutar daji? Ga inda gaskiyar ta tsaya

Duk mai harkar citta daga Kachia, Kwoi ko Kafanchan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya sha jin ana cewa wai citta na kashe cutar daji. Maganar na da tushe, amma fa an yi mata ƙari.

Yadda kwanon rufi ke tsatsa, ko man gyaɗa ya yi wari in ya daɗe, haka iskar oksijin ke barin ɓarna a jikinmu. Lokacin da jiki ke ƙona abinci don samun ƙarfi, yakan fitar da wasu ƙananan sinadarai da ake kira firi radikal. Kowannensu na da giɓin ilektiron ɗaya, sai ya ƙwato daga maƙwabcinsa. Kaɗan daga cikinsu na da amfani, don da su sojojin jini ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma jiki na da sinadaran da ke kwantar da su.

Matsala na zuwa ne in sun fi ƙarfin masu kwantarwar. Sai su taɓa DNA, wato rubutun da ke gaya wa ƙwayar halitta lokacin hayayyafa da lokacin tsayawa. Jiki na gyara yawancin ɓarnar, amma in abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, wata ƙwaya na iya daina jin birki. Daga nan daji ke somawa.

To, me ke ƙara wannan tsatsa? Sigari, giya, hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki, hayaƙin janareta, da man suya da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Mutanenmu na Fatakwal sun san baƙar tokar da ta fara rufe garin tun 2016.

Akwai kuma na gida. Damina na daɗewa a kudancin Kaduna, masara da gyaɗar da aka adana da danshi kan yi fumfuna mai fitar da gubar afalatokzin. Wannan guba na lalata DNA a hanta, in kuma ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin dajin hanta na ninkuwa sosai.

Ita citta, gaskiya ne tana da sinadaran da ke rage tsatsar, kamar yadda zogale, tumatir da lemu ke da su. Amma ba a tabbatar ta warkar da daji a jikin mutum ba. Ƙwayoyin bitamin ma ba a yi musu shan kai-tsaye: a binciken da aka fitar a 1994 kan mashaya sigari sama da 29,000 a Finlan, dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda aka ba ƙwayar beta karotin.

Don haka 'yan uwa, a sha shayin citta, amma a busar da hatsi da kyau, a zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna, a buɗe taga wajen girki, a yi gwajin ciwon hanta da rigakafinsa. Wanda kuma ya ji ƙullutu a jiki, ko zubar jini, ko rama ba dalili, ya nufi asibiti da wuri. Watannin da ake ɓatawa kan jiƙe-jiƙe su ne daji ke samu ya bazu. Allah ya tsare mu.