Waya mai ninkewa: hoton allo kan kwashi fiye da abin da mai shi ya yi niyya

A kasuwannin Arewa, daga Dogondutsi zuwa Matankari, daga Kore Mairuwa zuwa Tibiri, ciniki da yawa yanzu a waya yake ƙarewa. Mai saye ya tura kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money, ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, mai kaya kuma ya ce masa: "Turo mini kaptir." Kaptir ɗin nan, wato hoton abin da ke kan allon waya, shi ya maye gurbin rasit na takarda a wurin mutane da yawa. Da shi ɗan cirani da ke Abijan ko Legas ke nuna wa gida cewa ya aiko, da shi dillalin wake ke nuna farashin da aka ba shi daga Yamai.

Wayoyin da ke ninkewa kamar littafi ba su yawaita ba tukuna a gundumomin Dogondutsi da Tibiri, saboda tsadarsu. Samsung ya fitar da Galaxy Fold ta farko a 2019 a kan dalar Amurka 1,980, sama da miliyan ɗaya na sefa ke nan. A 2023 Tecno, wanda wayoyinsa suka cika shagunan Nijar, ya fito da Phantom V Fold a farashin da bai kai na Samsung ba, kuma na hannu, waɗanda ake kira okaziyo, suna ƙara shigowa. Masu riƙe da su dai galibi su ne waɗanda kuɗi mai yawa ke ratsa wayoyinsu: manyan ƴan kasuwa, ƴan kwangila, manyan ma'aikata. A hannun irin waɗannan, hoton allo guda da aka tura ba a duba ba yana iya tona abin da aka daɗe ana rufewa.

Yadda ake ɗauka

Ɗaukar hoton ba ta da wuya, kuma ba ta bambanta da ta sauran wayoyin Android ba. A danna madannin kunna waya da na rage sauti lokaci guda, a saki nan take. A wayoyin Samsung, wanda ya riƙe su da daɗewa sai ya ga waya na tambayarsa ko a kashe ta. Tecno da Infinix, waɗanda kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin ke ƙera su, wato Transsion, suna da hanyar jan yatsu uku daga sama zuwa ƙasa. Samsung kuma yana da ta shafa gefen tafin hannu daga wani ɓangaren allo zuwa wancan, wadda ake kunnawa a cikin "Fonctions avancées", ƙarƙashin "Mouvements et gestes", ga wanda wayarsa ke kan Faransanci.

Wannan ta ƙarshe ba ta dace da ƙasar Arewa ba. Allon ciki na waya mai ninkewa gilashi ne siriri ƙwarai da aka lulluɓe da leda mai laushi, kuma Samsung da kansa yana gargaɗi kada a danna shi da farce ko wani abu mai tsini, kada kuma a ɓare ledar. Hannun da ya kwaso rairayi a lokacin hunturu, ko yatsan da ke da zobe, idan ana goga shi a kan allon nan sau goma a yini, ba a daɗe ba za a ga zane. Ƙura dama ita ce babbar abokiyar gabar waɗannan wayoyi: daga Fold3 zuwa Fold5 an ba su shaidar jure ruwa, ba a ba su ta jure ƙura ba, Fold6 ta 2024 kuma ƙwayar da ta wuce milimita ɗaya kawai aka ce tana tarewa. Ƙurar Dallol Mawri ba ta kai haka girma ba. Madannai biyun nan sun fi aminci, a riƙe wayar da hannu biyu in tana buɗe.

Allo biyu, hoto iri biyu

Waya irin ta littafi tana da fuska biyu. Ta waje siririya ce, kimanin santimita 16 daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta ciki kuma ta kai 19 a Galaxy Z Fold5, kusan 20 a Phantom V Fold, kuma faɗinta ya kusa kai tsawonta. Wayar tana ɗaukar allon da ke kunne a lokacin da aka danna. Hoton da aka ɗauka tana rufe yana fitowa dogo, ya cika allon ƙaramar Itel ko Tecno ta wanda aka tura wa. Wanda aka ɗauka tana buɗe kuwa yana isa can a tsuke, rubutu ƙanana, sai an ja shi da yatsu kafin a karanta adadin kuɗi.

Amma matsalar da ta fi wannan ita ce faɗin kansa. Abin da ya sa ake sayen wayar shi ne ta nuna abubuwa da yawa lokaci guda. A babban allo, manhajoji da dama, har da WhatsApp da ta saƙonnin SMS, kan raba fuska gida biyu: jerin mutane da farkon saƙon kowa a gefe ɗaya, hirar da aka buɗe a ɗaya gefen. Galaxy Z Fold tana ma barin a jera manhajoji uku a allo guda, ga kuma layin ƙananan alamomi a ƙasa da ke nuna waɗanda mai wayar ya fi buɗewa. Hoton allo ba ya zaɓe, duk abin da ido ya gani shi ma ya gani.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Dogondutsi da ya biya kuɗin buhunan dankalin Turawa, ya buɗe saƙon tabbaci, ya ɗauki hoto, ya jefa a gurup ɗin abokan ciniki. Saƙon tabbacin kansa sau da yawa yana ɗauke da sauran kuɗin da ke asusun. A gefen hagu kuma ga sunayen mutum shida ko bakwai da ya yi magana da su a ranar, da farkon abin da suka rubuto: mai bin sa bashi, wani abokin ciniki da ya ba farashi daban, iyalinsa. Rasit ɗaya ya yi niyyar nunawa, sai ya buɗe wa mutum hamsin littafin shagonsa.

Maganin ba ya cin ko dala. Ko dai a rufe wayar a ɗauki hoton a allon waje, inda manhaja ɗaya ce ke bayyana, ko kuma a datse shi kafin a tura. Da zarar an ɗauka, wasu ƴan alamomi kan fito a ƙasan allo na daƙiƙoƙi kaɗan. Ɗaya daga ciki ta yanka ce da zane. A yanke duk abin da ba a tambaya ba. Abin da ba ya yankuwa, kamar ragowar kuɗi a tsakiyar saƙo, a shafe shi da baƙin alƙalami mai kauri. Alƙalamin nan mai haske da ake ja wa rubutu layi ba ya rufe komi, wanda ya ƙara hasken hoton zai karanta abin da ke ƙasa. Lambar cirar kuɗi kuwa, mai karɓa shi kaɗai ya kamata ya gan ta, ba gurup ba.

Akwai wani abu da hoton ba ya ɗauka, kuma masu sayen okaziyo daga nesa sukan faɗa wannan rami. Layin ninki da ke tsakiyar allo ba ya fitowa a kaptir. Haka baƙin tabo, ko koren layi, ko tsagewar da ta biyo mahaɗin tsakiya. Dalili kuwa, wayar tana adana hoton da ta aika wa allon ne, ba ta kallon allon kansa. Mai sayarwa a Yamai ko Sakkwato zai iya turo kaptir tas daga wayar da rabin fuskarta ya mutu. Abin da za a nema shi ne bidiyo da aka ɗauka da wata waya, ana buɗe ta ana rufewa, allon yana kunne da farin shafi.

Hoto ba kuɗi ba ne

Nan ne maganar ta wuce masu waya mai ninkewa ta shafi kowa. Hoton allo yana nuna abin da wata waya ta nuna a wani lokaci, iyakarsa ke nan. Sauya adadi ko kwanan wata a jikinsa aikin mintoci ne ga yaron da ya iya manhajar gyaran hoto. Agogon da ke saman hoton mai waya ne ke saita shi. Sunan da ke saman hirar WhatsApp ma shi ne sunan da mai wayar ya ga dama ya adana lambar da shi, don haka mutum mai waya biyu zai iya ƙirƙiro hira da "Alhaji wane" ba tare da Alhajin ya taɓa rubuta harafi ba. Tun watan Mayun 2023 kuma WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 bayan tura shi, saboda haka hotuna biyu na hira ɗaya suna iya saɓawa alhali babu wanda aka yi wa kwaskwarima.

Mai kaya da ke son tabbatarwa, asusunsa zai duba a tasa wayar, ya ga kuɗin ya ƙaru. Saƙon SMS kaɗai bai isa ba, don ana kwaikwayonsa daga lambar mutum. In ta kamfanin aika kuɗi ne, lambar aikin da ke jikin rasit ita ce abin da ma'aikacin ofishin zai bincika. Amfanin kaptir na gaskiya yana nan: yana adana wannan lamba, da rana, da adadi, don ranar da gardama ta taso. Wanda ya saki buhu hamsin a kan hoto kaɗai, amana ya yi ciniki da ita, kuma gara ya san haka tun kafin mota ta tashi.

Sannan a Arewa yawancin magana a WhatsApp da murya ake yin ta. Kaptir na saƙon murya ba ya nuna komi sai ɗan layi da tsawon daƙiƙoƙi. Wanda aka yi wa alkawarin farashi da baki, saƙon kansa zai ajiye, ko ya fitar da hirar gaba ɗaya ta hanyar "Exporter la discussion" tare da fayilolinta.

Wani lokaci kuma a danna madannan, wayar ta ƙi, ko hoto ya fito baƙi ƙirin. Ba lalacewa ba ce. Manhajojin banki da yawa suna hana ɗauka da gangan, WhatsApp ma ya toshe ɗaukar hotunan da aka tura don a gani sau ɗaya.

Inda suke taruwa

Hotunan suna shiga wani kundi mai suna "Captures d'écran" ko "Screenshots" a cikin manhajar hotuna. A Samsung sunan kowane fayil yana ɗauke da shekara, wata, rana, sa'a da sunan manhajar da aka ɗauko shi. Wannan suna yana ɓacewa idan aka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, kuma manhajar tana matse shi don rage cin mega. Dogon kaptir, irin wanda ake samu da alamar kibiya mai sauka ƙasa don haɗa shafi gaba ɗaya, shi ya fi shan wahala: yakan isa a dushe, ba a iya karanta lambobi. Tura shi a matsayin "Document" yana kai shi yadda yake.

Ɗan kasuwa mai ɗaukar goma ko ashirin a yini, cikin wata uku ya tara kusan dubu ko fiye, kuma ranar da ake neman rasit ɗin watan jiya ba a ganinsa. Kundi daban don kuɗi, ko ɗaya ga kowane babban abokin ciniki, da minti biyar na shara a ƙarshen mako, sun wadatar. Abin da aka goge a manhajar hotuna ta Samsung yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi, abin farin ciki ga wanda ya yi kuskure, abin lura ga wanda zai miƙa wayarsa ga mai gyara. Waya mai ninkewa ta fi sauran saurin kai mai ita wurin gyara, kuma a kundin nan ne ake samun hoton katin ɗan ƙasa, lambobin asusu da hirar gida a wuri ɗaya. Google yana ba kowane asusu giga 15 kyauta. Inda rezo ke da ƙarfi, a kwafe masu muhimmanci can, sauran a goge su, a kuma zazzage kwandon.

Abin da doka ta ce

Tura kaptir na hirar wani ko na rubutun Facebook ba wasa ba ne a Nijar. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ita ce ke hukunta laifukan intanet. A 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, amma dokar da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ranar 7 ga Yunin 2024 ta maido da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa ga ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 ga yaɗa bayanan da ka iya tada hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam. Maganar yaɗawa ake yi, don haka "ni ma turo mini aka yi" kariya ce mai rauni. WhatsApp ba ya sanar da kowa cewa an ɗauki hoton hirarsa, amma hoton kansa yakan nuna daga wace waya ya fito, musamman wanda aka ɗauka a babban allo, da jerin sunaye a gefensa.

Wanda aka damfara ko aka yi wa barazana kuma yake shirin kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi, nasa kaptir ba a datse shi. Ya bar lambar mai aikowa ta fito a fili maimakon sunan da ya adana, ya bar ranar da sa'ar, kada ya goge ainihin hirar, ya kuma tafi da wayar kanta.