Foklif: Ƙarfinta a Bayanta Yake

Duk wanda ya leƙa babban sito na zamani, ko tashar kaya ta kan tudu irin ta Kaduna da aka buɗe a 2018, zai ga wata gajeriyar mota mai haƙora biyu na ƙarfe a gaba. Sai ta cusa su ƙarƙashin katako, ta ɗaga lodin da 'yan dako goma ba za su iya ciccibawa ba. Ita ce foklif. Tushenta Amurka ne: a 1917 kamfanin Clark ya ƙera motar jigilar kaya don aikin masana'antarsa, daga baya Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗa irinta, saboda gaggawar lodin kayan soja. Katakon da ake jera kayan a kai, wato falet, a Turai an daidaita girmansa tun 1961, tsawo santimita 120, faɗi 80.

Mutane kan ɗauka ƙarfin motar a haƙoranta yake. A'a, a bayanta yake. Akwai dunƙulen ƙarfe mai tsananin nauyi da aka ɗaura mata a baya, shi ke rinjayar kayan da ke gaba, tayoyin gaba kuma su ne tsakiya, tamkar sikelin mai awo. Shi ya sa motar da ke ɗaukar tan 2 ita kanta takan wuce tan 3. Adadin lodin da aka rubuta a jikinta kuwa yana da sharaɗi: sai tsakiyar nauyin kayan bai wuce nisan da aka ƙayyade daga gindin haƙoran ba, galibi santimita 50 ko 60. In kayan suka zame zuwa bakin haƙora, ko aka ɗaga su can sama, to ƙarfin ya ragu, ko da nauyin bai ƙaru ba.

Ga kuma wani abu da kan ruɗi direban da ya saba da motar titi: tayoyin baya ne sitiyari ke juyawa. In ta sha kwana, bayanta kan yi waje, ya make wanda ke tsaye yana ganin ya kauce.

Tana da dangi. Akwai ta hannu da ake bugawa kamar famfo, akwai siririya mai miƙa haƙora cikin kantoci masu tsawo, akwai wadda ke ɗaga ma'aikacin kansa sama ya tsinto kaya ɗaya bayan ɗaya. A rufaffen sito mai batir ta fi dacewa, don hayaƙin inji na iya kisa inda iska ba ta ratsawa.

A ganina, mafi munin ganganci shi ne ɗora mutum a kan haƙora don ya ciro kaya, da yin gudu da lodi a sama. Lodi ƙasa-ƙasa ake tafiya da shi, in ya tare gaba sai a koma da baya. Idan kuma ta tashi kifewa, kada direba ya yi tsalle, don rufin ƙarfen motar ne ke danne masu tsallen. Ya ɗaura bel tun farko, ya riƙe sitiyari gam, ya karkata jikinsa zuwa ɓangaren da ba nan take faɗuwa ba.