Ya Rasu Bai Bar Wasiyya Ba: Yaya Ake Raba Dukiyarsa?

A yawancin gidajen Hausawa kwana uku ake zaman makoki, wasu su kai bakwai. Da an naɗe tabarmi, masu ta'aziyya sun watse, sai maganar da kowa ke kauce wa ta taso: gidan nan fa, da gonar bayan gari, da rumfar kasuwa, da kuɗin da ke banki? In aka tambaya ko marigayi ya bar wasiyya, galibi amsar a'a ce. Mutane da yawa gani suke rubuta wasiyya tamkar kiran ajali ne.

A ƙasa irin Ingila mutum ne ke zaɓar wanda zai ci dukiyarsa, sai in bai zaɓa ba doka ta zaɓa masa. Ga Musulmi abin a juye yake. Rabon ya riga ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga mai gado sai da yardar sauran magada. Alƙalan Arewacin Nijeriya suna bin mazhabar Malikiyya, kuma littattafan da suke komawa gare su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, su ne dai waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai.

Kafin kowa ya taɓa ko allura, sai an fitar da kuɗin likkafani da binnewa. Daga nan a biya bashi, har da ragowar sadakin matar da bai gama biya ba. Sai wasiyya, in akwai. Abin da ya rage shi ne gado. In wata cikin matan tana da juna biyu, Malikawa sukan dakatar da rabon har ta sauka, domin abin da ke cikin ma magaji ne.

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya rasu, bayan biyan bashi aka ƙiyasta abin da ya bari Naira miliyan 24. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza 6 da mata 5, da kuma ƙannensa biyu. Matan nan biyu tumuni za su raba, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3, kowace miliyan ɗaya da rabi. Ko su huɗu ne, tumunin nan dai shi ne nasu. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17 na 'ya'ya ne, namiji yana da ninkin mace: kowane ɗa miliyan 2, kowace 'ya miliyan ɗaya. Ƙannen marigayi kuwa ba su da ko sisi, domin ɗa namiji ya shamakance su. Wannan yana da kyau a sani, ganin sau da yawa baffa ne ke riƙe makullan gida da takardun fili kamar shi ne mai su.

Da matar ce ta rasu, mijinta yana da rabi in ba ta bar ɗa ko 'ya ba, rubu'i in ta bari. 'Ya ɗaya tilo tana da rabi, biyu ko fiye su raba kashi biyu cikin uku in babu ɗa namiji. Wani lokaci kason yakan fi dukiyar yawa, kamar macen da ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: rabi da kashi biyu cikin uku sun zarce ɗaya. Tun zamanin Halifa Umar aka warware wannan da abin da ake kira auli, a raba dukiyar gida bakwai maimakon shida, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado.

To ina amfanin wasiyya? Amfaninta yana wajen waɗanda rabon bai kai gare su ba. Agola ba ya gadon mijin uwarsa, ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, ko da a hannunsa ya yi wayo. Bambancin addini ma yana hana gado. Wanda ya fi sosa rai shi ne jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa: muddin akwai baffa a raye, shi ba shi da komai. Masar ta kafa doka a 1946 da ta wajabta a fitar wa irin wannan jika wani kaso a matsayin wasiyya ko da kakan bai yi ba. A fiƙihun da kotunan Arewa ke bi, sai in kakan ya tuna da shi da kansa, ko baffanni sun ji ƙai. Layi uku a takarda da shaidu biyu sun isa su sa maraya ya samu ɗakin kwana.

Rigimar da ta fi cika kotuna ma ba ta lissafi ba ce. Wani zai ce Baba ya ba shi gonar nan tun yana raye. A wajen Malikawa kyauta ba ta tabbata sai wanda aka bai wa ya karɓe ta a hannunsa kafin mai ita ya kwanta ciwon ajali ko ya rasu, in ba haka ba ta koma cikin gado. Wani zai zo da maganar bashi ba takarda. Wata uwargida za ta ce da kuɗin adashenta aka gina ɗakunan baya, kuma mai yiwuwa gaskiyarta ce, amma wa zai shaida?

Sai kuma jinkiri, wanda ake yi wa kallon kunya da zumunci. A ce kada a raba kan gida, babban wa ya ci gaba da juya dukiya. Shekara ashirin ta wuce, wasu magadan su ma sun rasu, nasu magadan sun shigo, lissafi ya hau kan lissafi, abin da malamai ke kira munasakha. Waɗanda suka fi cutuwa a nan mata ne. Matar da ta fita takaba ta koma gidansu ba a ce mata ga naki ba. 'Yar da ke gidan miji a ce mata me za ta yi da gona, a ba ta buhun hatsi da kaka a ce ya isa. Wannan cin haƙƙi ne, ko da wane suna aka kira shi. Wasu iyalan kuma suna gudun kotu ne tun daga tunanin ushirar da kotunan En'e ke cirewa a da, ko da yake suna iya kiran malamin da ya san fara'ili ya raba musu a gida, a rubuta, kowa ya sa hannu. Wanda bai gamsu ba yana da kotun shari'a, daga can Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin sauraron ƙarar gado da wasiyya da kyauta da waƙafi.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu tsakanin ma'aikata. Wanda aka rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba. Shi dai wanda za a tuntuɓa ne. Banki kan nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗin mamaci, kuɗin kuma na dukkan magada ne.

Ga wanda ba Musulmi ba, irin auren da ya yi ne ke nuna ko dokar gwamnati za a bi ko al'adar ƙabilarsa. Al'adar ma tana da iyaka. Lazarus Ukeje, ɗan ƙabilar Ibo, ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba, ya bar kadarori a Legas. Aka nemi a ware 'yarsa Gladys, ta kai ƙara. A watan Afrilun 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. Sama da shekara 32 ke nan bayan rasuwar mahaifinta.

Hausawan zango a Gana kuwa suna ƙarƙashin wata doka ta 1985, mai lamba 111, wadda ta hau kan kowa ba ruwanta da addini. Ta bai wa mata ko miji da 'ya'ya kayan ɗaki da gida in guda ɗaya ne, sannan ta kasa ragowar dukiyar kashi 16: uku ga mata ko miji, tara ga 'ya'ya, biyu ga iyaye, biyu a raba bisa al'ada. Iyali da yawa a Kumasi da Akara suna kiran liman ya raba musu bisa shari'a, amma in rigima ta kai gaban alƙali, wannan dokar zai buɗe.