Kafin a Fara Salati, a Tambayi Wace "Pass Out" Ake Nufi

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ba abin mamaki ba ne mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ko a layin banki. Idan wanda ya kai shi asibiti ba Bahaushe ba ne, saƙon da zai shigo wayar dangi shi ne "he passed out". Mai karatu cikin firgici sai ya ɗauka "passed away" aka rubuta, ya saki salati, kafin a ankara labarin rasuwa ya tashi daga Mabera ya kai Runjin Sambo. Alhali suma ce kawai. Mutuwa ita ce "passed away" ko "passed on".

Haka Turanci yake: a ɗauki ɗan ƙaramin aikatau a laƙa masa wata 'yar kalma, ma'ana ta yi nata wuri. Mu ma muna da irinsa, domin mai cin kasuwa da mai cin amana babu wanda ya kai loma baki. Shi ya sa duba "pass" ita kaɗai a ƙamus ba ya fisshe ka, kuma masu shirya jarrabawar WAEC da JAMB sun san da haka.

Ma'ana ta biyu ita muka fi sabawa da ita. Matashin da ya fara hidimar ƙasa a sansanin Wamakko, idan shekara ta zagayo ya karɓi takardarsa, sai a ce ya yi "pass out". Haka ake faɗa game da kuratan soja a Zariya da hafsoshin NDA a Kaduna. Daga sojan Ingila muka gaji wannan, hukumar hidimar ƙasa ta NYSC kuma da aka kafa a 1973 ta yaɗa shi har ƙauye. To amma Ba'amurke bai saba da wannan ma'ana ba. A kunnensa suma ce, sau da yawa ma irin ta wanda ya yi tatul da giya. Ɗalibin da ya rubuta wa wata jami'ar Amurka cewa ya yi "pass out" daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ɓata rawarsa da tsalle. "Graduated" ya kamata ya sa.

Akwai ta uku, wato rarrabawa, kamar malami ya raba takardu a aji. Wannan ba ta da wuyar ganewa, don za a ambaci abin da aka raba.

A ganina ma'aikatan asibiti su riƙa faɗar irin wannan labari da Hausa, ko su nemi mai fassara. Kai kuma da saƙo ya iske ka, kada ka tura wa kowa. Buga waya tukuna ka tambaya: yana numfashi? Ya farfaɗo? In kana kusa da wanda ya suma, kwantar da shi a inuwa, ɗaga ƙafafunsa, sassauta masa tufafi, kuma kada a ɗura masa ruwa a baki sai ya dawo hayyacinsa.