DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: LABARIN MASU TARA TSOFAFFIN KWAMFUTOCI

A cikin shekarar 2015 wani kamfani mai karɓar tarkacen kayan lantarki a garin Milpitas, cikin Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya ba da cigiyar wata mata. Bisa ga abin da kamfanin ya faɗa, mijin matar nan ne ya rasu, sai ta share wurin ajiyarsa, ta kwashe tarkacen da ta samu cikin kwalaye ta kai musu, ba ta bar sunanta ba, ba ta kuma karɓi rasit ba. Da ma'aikata suka zo buɗe kwalayen, sai suka tarar da kwamfuta samfurin Apple I. Suka ce sun sayar da ita a kan dala 200,000, suna neman matar don su ba ta rabin kuɗin.

Mai karatu zai tambaya, me ke cikin wannan tsohon inji da har zai yi tsada haka? Amsa ita ce, guda 200 ko kusa da haka kaɗai aka ƙera a shekarar 1976, lokacin da Steve Wozniak da Steve Jobs suna samari, aka riƙa sayar da kowace ɗaya dala 666.66. Allo ne kawai mai ɗauke da sassan inji, ba akwati, ba maɓallan rubutu, ba gilashin kallo, mai saye ne zai nemo wa kansa waɗannan. A watan Oktoba na 1914 ba a san da ita ba, amma a watan Oktoba na 2014 gidan adana kayan tarihi na Henry Ford ya sayi guda ɗaya a wurin gwanjo a birnin New York a kan dala 905,000.

To, amma fa kada labarin kuɗi ya ruɗe mu. Irin waɗannan masu tsada ba su taka kara sun karya ba. Yawancin tsofaffin kwamfutoci an ƙera su ne da miliyoyi, farashinsu bai kai a yi zancensa ba. Duk da haka akwai dubban mutane a ƙasashe daban-daban waɗanda suka ɗauki tara su, da gyara su, da yin aiki da su a matsayin abin sha'awa. Wannan sha'awa tasu kuwa ta zama hanyar ceto abubuwa masu daraja waɗanda da sun salwanta.

YADDA ABIN YA FARO

Kafin shekarar 1975 kwamfuta kayan gwamnati ce da manyan kamfanoni da jami'o'i, wata ma sai ta cika ɗaki guda. A watan Janairu na wannan shekara ne wata mujallar masu haɗa kayan lantarki ta Amurka ta buga hoton Altair 8800 a bangonta. Ana aiko ta ne a wargaje, mutum ya zauna da dalma ya haɗa abinsa. Ƙwaƙwalwarta ba ta ɗaukar abin da ya wuce misalin haruffa 256, watau ko wannan sakin layi ba zai shiga ba. Saboda ita ne Bill Gates da Paul Allen suka rubuta manhajarsu ta farko ta sayarwa, suka kafa kamfanin Microsoft.

A 1977 aka fito da guda uku waɗanda mutum zai saya a haɗe ya kai gida, watau Apple II da Commodore PET da TRS-80. Ranar 12 ga watan Agusta, 1981, kamfanin IBM ya fito da tasa a kan dala 1,565, wadda ita ce kakar yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu yanzu. A 1982 Clive Sinclair na Ingila ya fito da ZX Spectrum, ƙarama fam 125, babba fam 175, aka sayar da fiye da miliyan biyar. A shekarar dai aka fito da Commodore 64 a kan dala 595, aka sayar da fiye da miliyan goma sha biyu. Ita wannan ƙwaƙwalwarta tana ɗaukar haruffa 65,536, wayar hannu ta yau mai gigabait huɗu ta ninka ta fiye da sau dubu sittin.

Da yawa daga cikin injunan nan a jikin talabijin na gida ake jona su, a kaset na rikoda kuma ake ajiye manhaja. Yaro zai sa kaset, ya zauna minti huɗu ko biyar yana jin wani ƙara mai kama da kukan gyare, in kaset ɗin ya yi gardama ya koma farko. Mujallu kuma kan buga manhaja layi-layi, mutum ya kwafe da hannunsa, ya yi kuskure, ya nemo kuskuren ya gyara. Ta haka ne ɗimbin masanan kwamfuta na yau suka koyi sana'arsu.

Da zamani ya juya, sai aka shiga zubar da su. A 1989 kamfanin Apple da kansa ya binne kwamfutoci samfurin Lisa kimanin 2,700 waɗanda suka yi kwantai, a wani juji a garin Logan na Jihar Utah. Kamfanin Commodore kuwa ya karye a 1994.

SU WANE NE MASU TARAWA?

Kashi na farko su ne waɗanda suka yi wasa da injunan nan suna yara, yanzu sun manyanta suna begen ƙuruciya. Kashi na biyu matasa ne da ba a ma haife su ba a lokacin, amma suna son inji wanda mutum ɗaya zai iya fahimtarsa tun daga farko har ƙarshe. Kwamfutar yau ta yi zurfin da ba mai iya sanin dukan abin da ke cikinta, ita kuwa ta da, littafinta yakan zo da bayanin yadda za ka ba ta umurni da kanka, kana kunna ta kuma ta tsaya tana jiran abin da za ka rubuta. Wannan tunani ne ya sa a 2012 wasu masana a birnin Kambirij suka fito da ƙaramar kwamfuta mai araha, Raspberry Pi, don yara su koya kamar yadda iyayensu suka koya da BBC Micro.

Har ila yau akwai masu yin aikinsu na yau da kullum da tsohon inji. Marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, ya faɗa a 2014 cewa da tsohuwar manhajar WordStar yake rubuta littattafansa, a kan kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, don ba ta yi masa katsalandan. Wasu kuma har yanzu suna rubuta sababbin wasanni don Commodore 64 da Spectrum.

Masu wannan sha'awa suna da taronsu. A 1997 Sellam Ismail ya fara bikin baje kolin tsofaffin kwamfutoci a Kalifoniya, daga baya aka riƙa yin irinsa a wasu garuruwa na Amurka da Turai. Akwai kuma gidajen tarihi na musamman, kamar wanda ke Mountain View a Kalifoniya da wanda ke Bletchley Park a Ingila, inda 'yan sa kai suke tayar da matattun injuna baƙi su taɓa da hannunsu.

ABOKAN GABAR TSOHON INJI

Duk wanda ya daɗe a harkar nan zai gaya maka cewa babban kuskure shi ne mutum ya samo inji wanda ya shekara talatin a ajiye, ya yi wuf ya jona shi da wuta. Akwai ƙaramin batir a cikin injuna da yawa wanda ke riƙe agogo, in ya tsufa sai ya yi yoyo, ruwansa ya cinye siraran hanyoyin tagulla da ke kan allon. Akwai kuma kafasita, wasu su bushe, wasu su tsiyaye, wasu su fashe da hayaƙi mai wari da zarar wuta ta shiga. Tsohon akwatin wuta na Commodore 64 ya yi ƙaurin suna wajen sakin wutar da ta fi ƙima idan ya lalace, nan take ya ƙone sassan da an daina ƙera irinsu.

Saboda haka gwanaye sukan fara buɗe inji su duba, su cire batir, su share ƙura, su auna wutar kafin su kunna. Sukan kuma yi hattara da tsohon gilashin kallo mai ƙusumbi, domin yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe shi, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Faifan ajiya ya fi injin saurin mutuwa. Faifan fulofi leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu, zafi da danshi da fumfuna duk suna cinye shi. Kamfanin Sony ya daina yin sa a 2011, gwamnatin Japan ma ta raba kanta da shi a 2024. Masu tarawa ne suka ƙera 'yan na'urori masu araha waɗanda ke karanta tsohon faifai su juye abin da ke ciki zuwa sabuwar kwamfuta.

ABIN DA AKA CETO

Ga misali wanda ya isa ishara. A shekarar 1086 aka kammala wani babban littafi na ƙidayar filaye da dukiyar Ingila bisa umurnin Sarki Wiliyam, aka rubuta shi da tawada a kan fata. A 1986, don cikarsa shekara 900, gidan rediyo da talabijin na BBC ya shirya irinsa na zamani. Mutane wajen miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka tattara hotuna da taswirori da bayanin garuruwansu, aka zuba a faifai biyu masu aiki da wata na'ura ta musamman. Shekara goma sha biyar kacal bayan haka, na'urorin da za su karanta faifan suka kusa ƙarewa. Sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka duƙufa, a 2002 suka koya wa sabuwar kwamfuta kwaikwayon tsohuwar, sa'an nan hankali ya kwanta. Littafin fata kuwa yana nan a gidan ajiyar takardun ƙasa da ke Kew, har gobe ana karanta shi.

Misali na biyu, a 1985 mashahurin mai zanen nan Andy Warhol ya yi wasu zane-zane da kwamfutar Amiga, ya ajiye a fulofi, ya rasu a 1987. Faya-fayan suka yi ta zama a gidan tarihinsa da ke Pittsburgh ba mai iya buɗe su, sai a 2014 aka ba da sanarwar cewa ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon, waɗanda da ma suna tara tsofaffin injuna, sun fito da zanen.

MU FA A NAN GIDA?

Kada mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kaɗai. A 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilmi, Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. A shekarun 1990 shagunan buga takardu suka cika biranenmu. A nan ɗalibai suka buga kundayen digirinsu, a nan kuma marubutan Hausa da dama suka buga littattafansu, aka miƙa wa kowa fulofi ya tafi da shi. Ina faya-fayan nan suke yau? Wa ke da injin da zai karanta su?

Rubutun Hausa ma yana da tasa matsalar ta daban. Kwamfutocin lokacin ba su zo da haruffa masu lanƙwasa ba, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano suka tsara haruffa na musamman. Rubutun da aka yi da irin waɗannan haruffa, idan aka buɗe shi a injin da ba shi da su, sai wasu alamu su fito a gurbin masu lanƙwasar. Ashe ke nan ba faifai kaɗai za a adana ba, har da haruffan da manhajar da aka yi aikin da su.

Wani abin tunani kuma shi ne, ƙasar nan ta daɗe tana karɓar kwamfutoci na hannu daga Turai da Amurka. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli, Basel Action Network, ta ƙiyasta cewa kwantena wajen 500 na irin waɗannan kaya ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas kowane wata. Masu rai su wuce kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ta Alaba, matattu su faɗa hannun 'yan jari bola, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne daga Arewa. Su kuwa da kilo suke saye da sayarwa, tagulla da alminiyam suke nema, wani lokaci a ƙona wayoyi a shaƙi hayaƙi mai cutarwa. Ba laifinsu ba ne, neman halali suke yi, ba wanda ya taɓa nuna musu cewa wani injin ya fi daraja a raye.

Shawararmu ga mai karatu ita ce, in kana da tsohuwar kwamfuta a sito, kada ka kunna ta da gaggawa. Ka duba bayanta tukuna, domin wadda aka yi don Amurka wutar 110 zuwa 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, in ba ka sa taransifoma mai rage wuta ba, ka yi asara. Ka kai wa mai gyaran da ka amince da shi ya cire batir. Ka raba ta da ɗakin da ke yoyo da damina, ka rufe ta saboda ƙurar hunturu. Faya-fayai kuma a ajiye su a tsaye, nesa da rana da lasifika, a rubuta abin da ke cikin kowanne, a juye su tun suna karantuwa.

Ga jami'o'inmu da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuwa, muna roƙon a ware ko da ɗaki ɗaya ne, a ajiye injuna biyu ko uku masu rai na kowane zamani, inda mai tsohon faifai zai kawo a juye masa. Kakanninmu sun bar mana littattafai na ajami da Larabci cikin gafaka, mun buɗe mun karanta bayan shekara ɗari biyu. Abin kunya ne a ce jikokinmu sun kasa karanta abin da muka rubuta shekara talatin da suka wuce. Allah Ya sa masu abin su ji, su kuma yi aiki da shi tun lokaci bai ƙure ba.