Goggon birin da bai ci kuɗin Kano ba, da tarihin shekara miliyan 66 da ke bayansa

A watan Yunin 2019, jim kaɗan bayan bukukuwan ƙaramar Sallah, labari ya bazu cewa wani goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga a gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta jiha, wadda Muhuyi Magaji Rimin Gado ke shugabanta a lokacin, ta binciki lamarin. Daga bisani gwamnan ya ce babu ma irin wannan dabba a gidan.

An yi dariya, labarin ya wuce. Amma ya fito da wani giɓi a fili. Jaridun Turanci sun rubuta "gorila", kafofin Hausa sun ce "goggon biri", alhali sunan a bakin Bahaushe yana kuma nufin babban birin daji mai jela da dogon baki, irin wanda ake gani a dajin Falgore. Dabbobi biyu ne da masana kimiyya suka ce zuriyarsu ta rabu tun shekara miliyan 25 zuwa 30 da suka wuce. Ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Rimin Gado yana cin karo da wannan darasi a manhajar nazarin halittu, WAEC da NECO kuma suna tambaya a kai. Sau da yawa abin da yake fita da shi daga aji jimla ɗaya ce: "wai mutum daga biri ya fito." Ba haka masanan suka faɗa ba.

Daga ina labarin ya faro?

Dabbobi masu shayarwa sun bayyana fiye da shekara miliyan 200 da suka shuɗe. Yawancinsu ƙanana ne, kamar jaɓa ko ɓera, suna rayuwa a gefen manyan dabbobin da ake kira dainoso. Shaidar wannan zamani tana kusa da gida: a Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, an tono ƙasusuwan Nigersaurus, mai cin ganye da ya rayu kimanin shekara miliyan 110 baya.

Shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko. Dainoso suka ƙare, in ban da reshen da ya zama tsuntsaye. Fili ya samu, masu shayarwa suka yaɗu, suka girma, suka rarrabu. Kimanin shekara miliyan 55 baya aka fara samun dangin birai na farko: masu hannun kama reshe, farce a madadin ƙumba mai kaifi, da idanu biyu a gaba da ke auna nisa tsakanin wannan reshe da wancan.

A Fayum ta Masar an samu ƙasusuwan Aegyptopithecus, mai shekara kusan miliyan 30. Bayan wannan zamani hanya ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya ba da birai masu jela, ciki har da jan birin da manoma ke kora daga gonakin gyaɗa da masara, wanda shi ne ya fi kowane biri gudu a ƙasa. Ɗaya reshen ya ba da marasa jela, kamar Proconsul da aka tono a Kenya, mai shekara kusan miliyan 20. Daga wannan reshe gorila da cimfanzi suka fito, kuma a nan masana ke sanya ɗan Adam.

Maƙwabciyar da ta sauya lissafi

A watan Yulin 2001, a hamadar Djurab ta arewacin Chadi, wani ɗan ƙasar mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin binciken Bafaranshe Michel Brunet, ya tsinci wani ƙoƙon kai. Aka raɗa masa suna Toumaï, wato "fatan rayuwa" a harshen Goran. An ƙiyasta shekarunsa miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce ta cimfanzi girma ba, amma ramin da lakar baya ke shiga ƙoƙon ya matso gaba, alamar da masu binciken suka ɗauka cewa yana iya tafiya a tsaye. Wasu masana har yau suna jayayya da wannan fassara.

Bayansa akwai Lucy, wadda aka samu a Hadar ta Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2, da sawun ƙafafu a tokar dutse mai aman wuta a Laetoli ta Tanzaniya, masu shekara miliyan 3.6. A 2017 aka sanar cewa ƙasusuwan Jebel Irhoud na Maroko sun kai shekara 300,000, mafi tsufa da aka danganta da jinsin mutanen yau. Nijeriya ma tana cikin jerin: ƙoƙon kan Iwo Eleru, wanda Thurstan Shaw ya tono kusa da Akure a 1965.

Abin da masana ke faɗa ke nan: mutum da cimfanzi sun haɗa kaka shekara miliyan 6 zuwa 7 baya, ƙwayoyin gadonsu kuma sun yi daidai da kusan kashi 98.8 cikin ɗari. Babu cimfanzin da ya rikiɗe ya zama mutum, kamar yadda Bahaushe bai fito daga Bole ko Ngizim ba, ko da yake harsunansu tsatso ɗaya ne.

Inda aka sha bamban da addini

Mafi yawan malaman Musulunci sun tsaya a kan cewa Allah Ya halicci Annabi Adamu, Alaihis Salam, kai tsaye, ba tare da uwa ko uba ba, kuma a nan suka rabu da bayanin Charles Darwin na 1859 da waɗanda suka biyo bayansa. Wannan saɓani na gaske ne, bai kamata a ɓoye wa ɗalibi shi ba. Sai dai nazarin dabbobi ba baƙo ba ne a ilmin Musulmi. Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan tun ƙarni na 9, Ibn Khaldun kuma ya tattauna matakan halittu a Muƙaddima. Fahimtar abin da wata mahanga ta ƙunsa daban, yin imani da ita daban.

Abin da ya shafi Rimin Gado

Ko an ajiye muhawarar asali gefe, dokar gado da zaɓin yanayi tana aiki a cikin gidajen mutane. Sikila ce babbar shaida. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai jinin AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa ƙwayar ta yawaita inda sauro ya yawaita, har kusan kashi ɗaya bisa huɗu na 'yan Nijeriya suke ɗauke da ita. Farashin kariyar yana da ɗaci: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai SS. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da gwajin nau'in jini. Waliyyin da bai fahimci wannan lissafi ba zai ɗauki takardar gwajin a matsayin wata hanyar karɓar kuɗi.

Haka batun kulorokwin. Ƙwayar cutar maleriya ta sauya har maganin ya daina tasiri, dole Nijeriya ta sauya shi a tsakiyar shekarun 2000. Duk wanda ya yanke shan magani a rabi yana ba ƙwayoyin da suka fi juriya damar hayayyafa. Nonon da ake damawa da fura ma yana da nasa labarin: yawancin masu shayarwa suna rasa ikon narkar da sukarin madara bayan yaye, amma Fulani da dama, bayan dubban shekaru na kiwo, suna gadon wannan iko har tsufa.

Gorilar gaske fa?

Nijeriya tana da gorila, amma ba a Kano ba. Tana cikin tsaunukan Kuros Riba da iyakar Kamaru, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba. Cimfanzi yana dajin Gashaka Gumti. Sare daji da farauta da fasa-ƙwauri suna cin su. A Disambar 2024 jami'an filin jirgin saman Istanbul sun gano jaririn gorila a cikin akwati, a kayan da aka ɗauko daga Nijeriya za a kai Tailan.

A 2019 an ɗora wa gorila laifin cin kuɗin da bai taɓa gani ba. Bayan shekara biyar aka samu ɗan uwansa a akwati, ya ratsa filin jirgin saman ƙasar nan ba wanda ya tare shi.