Farfaɗo Da Tsohon Akwatin Gem: Aikin Kafinta Ko Na Mai Gyaran Talabijin?

Yawancinmu da muka taso a Ogbete, cikin Inugu, mun san gidan gem ne da talabijin da PlayStation da benci guda. Amma kafin gem ya shigo ɗaki, a tsaye ake buga shi, a gaban wani akwatin katako mai tsayin mutum, wanda ba ya motsi sai an jefa masa kwandala. Kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Pong a 1972, Taito na Japan ya biyo da Space Invaders a 1978, sannan Namco ya kawo Pac-Man a 1980. A yau akwai masu neman waɗannan akwatuna a ɗakunan ajiya, su gyara su don sha'awa kawai.

Mai karatu zai ɗauka aikin kafinta ne. Kaɗan daga ciki, haka ne: danshi kan kumbura katakon, gara ta ci ƙasansa, sai a yanke a yi ƙari. Wannan mai sauƙi ne.

Wahalar tana ciki. Allon akwatin irin na tsohuwar talabijin ne mai ƙeya, kuma yana aiki da wutar da ta kai kimanin bolt 20,000. Abin tsoro shi ne yana iya riƙe wutar ko bayan an cire soket, don haka dole gwani ya sauke ta kafin a sa hannu. Daga nan sai kafasita, wato ƙananan gwangwanayen da ke tara wuta. Ruwan cikinsu kan bushe da shekaru, hoto ya dushe ko ya karkace. Magani shi ne a narka dalma a cire su ɗaya bayan ɗaya, a dasa sababbi. Akwai kuma batun wutar gari: tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wanda ya jona na'urar can kai tsaye ba tare da taransifoma ba, to hayaƙi zai gani, ba gem ba.

Akwatunan da aka ƙera bayan 1985 sun fi daɗin sha'ani, domin kamfanonin Japan sun amince da mahaɗi iri ɗaya mai haƙora 56, wanda ake kira JAMMA. Sai a zare faifan wani wasa a soka na wani.

To ina mafita idan faifan ya mutu murus? Wasu kan sa kwamfuta a ciki da manhajar MAME, wadda Nicola Salmoria ya fara a 1997. A ganina wannan ba farfaɗowa ba ce, an dai sa wa sabon abu tsohuwar riga. Sai dai ba na zargin masu yin haka, tunda kamfanoni sun daina ƙera allo mai ƙeya, wanda ya fashe ya tafi ke nan.

Nan ne Kasuwar Ogbete ta shigo maganar. Dattawan da suka yi shekaru suna gyaran rediyo da talabijin, su ne suka san sauke wutar allo da gane mataccen kafasita da ido. Yaran da ke koyon sana'a yanzu gyaran waya suke so. Duk mai sha'awar wannan aiki, kafin ya nemi akwati, gara ya fara neman irin wannan dattijo, ya ce masa: "Baba, a nuna mini."